Man Birki a Kan Bamba

Tela da ƙaninsa Dogo tare suka sayi motocinsu shekara takwas da suka wuce, iri ɗaya, launi ɗaya. Tare kuma rana ta ci su a tsakar gida, har baƙar robar bamba da ta gefen ƙofofi ta koɗe, ta yi furu-furu kamar ƙafar da ba ta ga mai ba.

Sai wata Asabar Tela ya dawo daga shago ya tarar robar motar Dogo ta koma baƙa wuluk. Da ya daure, ba don Auta ba, 'yarsa da ke gama sakandare.

"Baba, ranar bikin yaye mu a motar Baba Ƙarami zan je," in ji ta. "Ka ga yadda take sheƙi kuwa?"

Kishi ya turnuƙe Tela, ba wani ɓoye-ɓoye. Shekara shida yana kai yarinyar nan makaranta, ko ruwa ko rana, amma ranar da za a tafa mata sai a motar Dogo? Dogon da ya goya? Taku goma ne tsakanin ƙofarsa da ta ƙaninsa, sai dai girman kai rawanin tsiya ne, Tela kuwa ya naɗa nasa har kunne. Maimakon ya tambaya, sai ya leƙa ta taga, ya hango tsumma da kwalbar man birki kusa da tayar Dogo.

"Ashe ɗan sirrin ke nan," ya ce a ransa.

Ana gobe biki ya sayo kwalba biyu, don tasa ta fi baƙi. Ya tsoma soso ya lafta wa bamba, ya bi gefen ƙofofi, man yana gangarowa kan fenti shi ko a jikinsa. Robar ta yi duhu, ya koma ciki yana fito.

Da safe fentin ya kumbura, duk inda man ya bi yana saluɓewa. Dogo ya fito ya riƙe baki.

"Yaya, man birki ka sa? Ai cin fenti yake! Ni maganin roba abokin aikina ya zuba mini a tsohuwar kwalba. Sai da na wanke, na manna salatif a gefen fenti, sannan na shafa kaɗan-kaɗan. Da ka yi magana, ai akwai saura."

Dogo ya miƙa masa makulli. "Ungo, kai ta a tawa. Kai ne ubanta."

Haka ya tuƙa motar Dogo, Auta a gefensa. A ƙofar makaranta shugabar malamai ta leƙo tana dariya.

"A'a, Tela! An yi sabuwa ba labari? Allah Ya sa alheri!"

Ya buɗe baki zai ce amin, Auta ta riga shi.

"Ta Baba Ƙarami ce, Malama. Shi da kansa ya gyara ta."