Gurbin Yatsun Umma

Mariƙin wuƙar da Umma ke aiki da ita ya tsage tun bara. Katako ne da ya sha ruwa ya kumbura ya bushe har ya gaji, ƙusoshinsa suna girgiɗi kamar haƙoran tsohuwa. Umma ta naɗe shi da tsumma, tsumman ya sha maiƙo, ya koma ya fi katakon santsi. Da ita take yanka kaji da albasa daga safe zuwa la'asar a wani gidan abinci na bakin titi, ita da wasu mata sa'anninta.

Babbar 'yarta tana karatun jinya, shi ya sa 'yan gidan suke tsokanarta da Likita. Kullum Umma ta dawo sai ta kama hannunta ta duba.

"Umma, wannan kuma na yaushe ne?"

"Ƙwarzane ne."

"Ƙwarzane ne yake buɗe baki haka?"

"To Likita, kwantar da ni za a yi ko sallama?"

Likita ba ta yi dariya ba. Umma tana da ciwon suga. Wani ɗan ƙaramin rauni da ta ji a ƙafa ya kwashe watanni kafin ya rufe, kuma a asibiti an gaya mata ta kula da yatsunta kamar yadda take kula da idonta. Ga shi wuƙa ta dakushe, sai an danna da ƙarfi take ci, in an danna kuma mariƙin ya juya a jiƙaƙƙen hannu.

Likita ta matsa wa Umma har ta nemi izinin Hajiya, mai gidan abincin, ta zo da wuƙar gida ranar hutunta. Likita ta shimfiɗa buhu a tsakar gida, ta aro guduma da magagari da samfefa, takardar gugar katako, wurin Kawu, ƙanen Umma, kafinta ne, yana zaune a ɗakin ƙofar gida. Da ta kwance tsumman sai da ta kau da kai saboda wari. Ta fitar da ƙusoshin, katakon ya rabe biyu da kansa. Ƙarfen da ke ciki ya yi tsatsa, da wani baƙin datti a manne.

"Ka ga abin da ake yanka wa mutane abinci da shi, Kawu."

"Mun ci mun girma," in ji Kawu. "Wuƙar mutane kike wa kwalliya kamar za a kai ta ɗakin miji."

Duk da haka ya yanko mata ɓari biyu daga ragowar wani katako mai tauri, ya huda mata su. Ta jiƙa samfefa ta goge tsatsar, ta fara da mai kaushi ta ƙare da mai laushi, har ƙarfen ya yi fari. Ta shafa gam, ta haɗa ɓarorin, ta sa sababbin ƙusoshi ta dake kawunansu suka kwanta. Da gam ya kama sai ta kira Umma daga wurin wanki, ta goge mata hannu, ta shafe yatsunta da gawayi.

"Riƙe kamar za ki yanka kaza."

Umma ta riƙe, ta saki. Shatin yatsu huɗu ya fito a jikin katakon. Likita ta bi kowane shati da magagari tana ci a hankali, tana sa Umma ta gwada, har kowane yatsa ya samu gurbinsa. Ba ta goge mariƙin ya yi sumul ba. Ta tsattsaga ƙananan layuka a gicciye don ko da maiƙo ya kama hannu, ta shafa mai ta bar shi ya sha. Sannan ta wasa bakin a dutse har ya ratsa tumatir ba tare da an danna ba. Ta ɗinka kube da fatar wata tsohuwar jaka.

"Abu ɗaya, Umma. Kada ta shiga bokiti. Kin gama, ki wanke, ki goge, ki mayar kube."

Likita ta san bokitin. A kicin ɗin akwai wani ƙaton bokiti na ruwan sabulu, duk wadda ta gama da wuƙa ko ludayi ko cokali sai ta jefa ciki. Kafin azahar ruwan ya zama ruwan toka, da jinin kaji da kumfa a sama, ba a ganin komai. Mai neman abu sai ta naɗe hannun riga ta zura hannu ta lalubo. An ce wata wuƙa ce ta taɓa ɓata, Hajiya ta ce daga ranar komai wuri ɗaya. Bokitin ne ke ruɓar da mariƙai. Shi ne ya bar tabo a hannun kowace mace a wurin, kuma kowace in ta yanke sai ta tsotse jinin ta ce tsautsayi ne. Babu wadda ta taɓa tambayar me ya sa tsautsayin nasu kullum a gindin bokiti ɗaya yake kwana.

Kwanaki Umma tana dawowa hannunta lafiya lau. Har ta daina kukan ciwon wuyan hannu.

"Matan nan sun sa mata ido," take cewa. "Doguwa ta ce in na mutu ita za ta gaje ta."

Doguwa ce abokiyar zamanta a wurin fige kaji. Ranar da abin ya faru Umma ta tafi salla ta bar wuƙar a kubenta a kan tebur. Doguwa ta ara ta yanka nama, da ta gama hannunta ya yi abin da ya saba, ya jefa a bokiti. Umma ta dawo, aka ce ta miƙo ludayi.

Ta zura hannu a bokitin, wuƙar ta ci manuniyarta har ƙashi. Suka zuba gishiri, suka ɗaure da tsumman goge tebur. Umma ta ƙarasa aikin ranar da hannu ɗaya, don akwai baƙi da yawa, bai kamata a bar Hajiya cikin kunya ba.

Da Likita ta kwance tsumman da yamma sai ta ɗauko mayafinta. Ta kai Umma asibiti aka wanke aka ɗinke. Washegari ta tafi gidan abincin, ta shiga ta ƙofar baya. Bokitin yana nan cike, wata mata hannunta a ciki har gwiwa.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya, tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

"Hajiya, bokitin nan ne ya yanke ta."

"Bokiti yana da baki ne? Tun ba a haife ki ba muke da shi, babu wadda ta taɓa zuwa asibiti sai da kika kawo mana aska."

Likita ta juya wurin matan. "Iyayena, ku nuna mata hannayenku."

Babu wadda ta ɗago. Ɗaya ta ci gaba da daka, ɗaya ta cusa hannu cikin zane. Doguwa tana tsugune a gefe, hawaye na ɗiga a kan kazar da take figewa.

Likita ta kama kunnen bokitin ta kifar. Ruwan ya malale har ƙofa, wuƙaƙe da ludaya suka watse a siminti. Ta tsinci ta Umma a cikinsu, ta ɗauki kuben, ta fita. Tana jin Hajiya tana cewa wannan ita ce ribar boko.

Ɗinkin bai kama ba. Yatsan ya kumbura, ya fara ruwa, sannan bakinsa ya soma yin duhu. Likita tana wankewa safe da yamma, tana ganin duhun yana hawa, ta kuma san sunan abin da take gani tun kafin likitan asibiti ya faɗa. Aka cire yatsan daga tushe don a tsirar da hannun.

Bayan an sallamo su Doguwa ta zo dubiya da lemo a leda. Ta zauna a bakin tabarma ba ta iya haɗa ido da kowa.

"Hajiya ta kafa doka," ta ce a hankali. "Ba a ƙara kai wuƙa gida gyara."

"Bokitin fa?" in ji Likita.

"An sayo sabo. Wancan ya fashe da kika kifar."

Da raunin ya rufe, wata rana da hantsi Umma ta ce a miƙo mata albasa, ta gaji da zama. Ta zare wuƙar daga kube. Yatsu uku suka faɗa gurabensu daidai, kamar yadda aka auna. Gurbin farko ya tsaya babu kowa. Ta matsar da hannun gaba, bai zauna ba. Ta mayar baya.

"Likita," ta ce, "in kin samu lokaci, aro magagarin Kawunki. Ki kawo gawayi."