Madarar Masu Fenti

A gidanmu ba a tambayar Yaya Mu'azu kalar motar da ya fesa. Matarsa Saratu ce take gaya mana in ta zo wanke hankicinsa: jiya ja ce, shekaranjiya shuɗiya. Majinar da yake kakarowa daga ƙirji da kalarta take fitowa. Dariya muke yi, shi ma ya taya mu, sannan ya huda gwangwanin madararsa ya shanye, ya ce ya wanke.

Haka masu fentin mota suke yi. Duk wanda ya fito daga rumfar feshi, mai gareji zai miƙa masa gwangwanin madara ɗaya, wai tana wanke huhu. Shekara goma sha ɗaya Yaya Mu'azu yana shan madarar Alhaji Garba a garejinsa na Gyaɗi-Gyaɗi. Rumfar kuwa da tamfol ake rufe ta ruf ta kowane gefe, don kada ƙura ta hau ɗanyen fenti. Mota ake karewa. Mutumin da ke ciki tsumma kawai yake ɗaurawa a hanci.

A watan Mayun da soja za su koma bariki, saura kwana goma sha biyu a rantsar da farar hula, numfashinsa ya sarƙe ana cikin aiki. Ni a lokacin acaba nake yi. Aji uku na bar makaranta, na taɓa ɗinki na gudu, na taɓa fawa na gudu, babur ɗin ne kaɗai ya riƙe ni, don shi ba ya zama wuri ɗaya. Na goya shi zuwa asibiti, ya rungume ni ta baya, ina jin ƙirjinsa yana fito kamar an taka ƴar tsana.

Bayan sun ba shi iska ya dawo hayyacinsa, likitar ta juya bayan katinsa ta yi mana zane. Ta ce huhu kamar bishiya ne a kife. Maƙogwaro shi ne gindin, ya rabu biyu, kowane ya yi rassa, rassan suna ta ƙanƙancewa har su fi gashi siranta. A bakin kowane akwai ƴan jakunkuna, a nan jini yake karɓar iska mai kyau ya zubar da gurɓatacciya. Ta ce fenti da tina, ruwan da ake tsinka fentin da shi, sun ƙone cikin rassan nan, sun kumbura sun tsuke, kuma yanzu ko ƙamshin fenti suka ji sai su damƙe. In ya koma rumfar, wata rana za su damƙe su ƙi saki.

Yaya Mu'azu ya ce ai yana shan madara. Ta dube shi, ta ce madara ciki take zuwa, ba ruwanta da huhu.

Ko bakin titi ba mu kai ba ya fara. Wai likitar yarinya ce, ba ta san sana'a ba. Wai ubangidansa da ya koya masa feshi a garejin Alhaji madara ya sha har ƙarshen rayuwarsa. Na tuna masa cewa mutumin ko hamsin bai kai ba, kuma a zaune ya rasu don ya kasa kwanciya. Ya ce kwanansa ne ya ƙare, in ja babur in rufe masa baki.

Kwana uku ya yi a gida. Ranar na huɗu Alhaji Garba ya zo duba shi da kansa, da kwalin madara guda a bayan mota. Inna har da durƙusawa tana godiya. Ashe wani sabon ɗan majalisa ne ya kawo bas goma sha huɗu, yana so a mayar da su kore da fari kafin ranar rantsuwa, kuma duk Gyaɗi-Gyaɗi ba mai hannun Mu'azu. Alhaji ya ce daga yau gwangwani biyu ne kowace mota, ba ɗaya ba.

Ina tsaye a ƙofar ɗaki na ce masa likita ta hana. Na ce in da gaske lafiyarsa ake so, a yaye tamfol ɗin, a sayo takunkumi mai tace iska irin wanda likita ta faɗa. Alhaji bai ko juyo ba. Ya tambayi Inna yaushe Rabi'u ya gama karatun likita ba a gayyace shi walima ba.

"Dakta Rabi'u mai acaba," in ji shi. "Aji uku, ko? To Dakta, shekara talatin ina ba yara madara. Kai me ka taɓa ba wani?"

Yaya Mu'azu ya yi dariya. Dariyar ce ta fi ci mini rai, don ba ta kai ƙarshe ba tari ya kama shi. Ya ce wa Alhaji gobe da hantsi yana nan.

Na fita na hau babur na yi ta zaga Tarauni ba fasinja, wanda ya tsayar da ni ma ban tsaya ba. Maganar likita gaskiya ce, amma zane ne a bayan kati, kuma daga bakina ta zama abin dariya. Ina wucewa ta layin mahauta na ga kayan ciki a rataye, sai na taka burki.

Malam Isyaku shi ne wanda na yi wa wata biyu a fawa kafin in gudu. Yana ganina ya ce ga ɗan gudun hijira, yau kuma wace sana'a aka bari. Na ce masa gobe in ya yanka akuya ina son huhu da maƙogwaro da hanyar abinci da tumbi, duk a haɗe, kada wuƙa ta raba su. Ya tambaye ni ko tsafi na koma. Da na gaya masa dalili sai ya daina wasa. Ya ce shi bai san boko ba, amma shekara arba'in yana buɗe dabba bai taɓa samun dusa a huhu ba.

Da safe ya nuna mini. Bututu biyu ne manne da juna a wuya. Na gaba mai gurunguntsi ne zobe-zobe, kullum a buɗe, shi ne na iska. Na bayansa jan nama ne mai laushi, a rufe yake sai abinci ya zo. Ya sa yatsa ya nuna mini wani ɗan murfi a saman na iskar, ya ce duk haɗiyar da aka yi sai ya rufe. Ya zuba mini a baho ya rufe da buhu, ya ce in dawo masa da bahonsa.

Na isa gareji hantsi ya ɗaga. Bas ɗin farko tana cikin rumfa an gama goge ta da samfefa, an liƙe gilasanta da jarida. Yaya Mu'azu ya sa rigar aiki, yana dama koren fenti, tsumman hancinsa a wuya. Alhaji Garba yana kan benci a inuwa, rediyo a gefensa ana ta maganar sabuwar gwamnati, gwangwani biyu a jere kusa da shi. Na juye bahon a kan teburin ƙarfen da ake haɗa fenti. Masu gyaran bodi suka ajiye guduma suka matso.

Alhaji ya ce in kwashe masa ƙazanta. Ban kula shi ba. Na kama bututun iskar na sa baki na hura. Huhun nan biyu da suke a yamutse suka tashi, suka cika, suka yi jajir kamar da rai. Na saki suka kwanta. Na ce wannan hanyar numfashi ce. Sannan na fizge bindigar feshi daga hannun Yaya Mu'azu, na cusa bakinta a maƙogwaron na danna. Huhun ya sake tashi. Na danna sau uku, kamar yadda mutum zai ja numfashi uku a cikin rumfa.

Daga nan na je benci na ɗauko gwangwanayen Alhaji duka biyun. Na huda su da ƙusa, na buɗe bakin jan bututun na ɗura. Kowa yana gani madarar tana gangarawa, ta wuce ta tsakanin huhun biyu ba ta taɓa su ba, ta faɗa tumbi. Na zaro wuƙa na tsaga tumbin, ga madara fara sol a kan dusa. Na tsaga huhun. Kore ne tun daga gindi har cikin rassan da ido ke iya bi.

"Ga shi nan, Alhaji," na ce. "Gwangwani biyu ya sha. Nuna mini inda ya wanke."

Alhaji ya miƙe, ya ce wannan akuya ce, ɗan Adam daban ne, kuma almubazzaranci da abinci ba tarbiyya ba ce. Wani daga cikin masu bodi ya ce haka ne. Na ajiye wuƙar. Na juya wajen Yaya Mu'azu, don ba don Alhaji na zo ba.

"Yaya, ka taɓa ƙwarewa da ruwa?"

Na ƙara matsawa kusa da shi.

"Ɗigo ɗaya ne yake kuskure hanya, ka yi ta tari har hawaye. Ɗigo ɗaya. Kai kuma gwangwani guda kake shanyewa ko gezau. Ta ina take bi ta je huhun? Shekara goma sha ɗaya kana wanke tumbinka, mutumin nan yana zaune a inuwa."

Marin da ya yi mini sai da na ji shi a haƙori. Ya ce ban isa in ce wa Alhaji mutumin nan a gabansa ba. Na tsaya ban ko dafe kunci ba. Injin iskar feshi yana ta bugawa, mai rediyo yana cewa talaka zai sha iska.

Alhaji ya ce madalla, ya ce a share teburin a koma aiki, za a kawo wata madarar. Yaya Mu'azu ya ɗauki bindigar feshi, ya ja tsumma ya rufe hanci, ya nufi rumfar. Ina kallon bayansa, na rantse a raina in ya shiga sai na yanka tamfol ɗin nan gunduwa-gunduwa, a kai ni duk inda za a kai ni.

Ya ɗaga bakin tamfol ɗin, warin tina ya buso. Nan take tari ya turnuƙe shi, ya sunkuya ya dafa gwiwa, wuyansa duk jijiyoyi. Da ya lafa sai ya janye tsumman ya tofar a ƙasa. Ya daɗe yana kallon abin da ya tofar. Kore ne, kalar fentin da ya dama da safe, tun bai fesa ko ɗigo ba. Ya waiwayo ya dubi tsagaggen huhun da ke kan tebur, ƙudaje sun fara sauka a kai.

Ya dawo ya ajiye bindigar a gaban Alhaji, a hankali, da hannu biyu. Ya ce Alhaji ya yi haƙuri, ya nemi wani. Alhaji ya ce motoci goma sha huɗu fa, ya ce kwana takwas fa, ya ce shi ya ɗauke shi tun bai iya riƙe samfefa ba. Yaya Mu'azu ya ce ya sani, Allah ya saka. Ya cire rigar aikin, kuma bai rataye ta a ƙusar da take kwana ba, ya naɗe ta ya sa a hammata.

Ina ɗaure bahon Malam Isyaku a babur na ji Alhaji yana cewa a je Ƙauyen Alu a kira masa wani mai feshi, a biya ta kanti a sayo madara. Na saki igiyar zan koma, Yaya Mu'azu ya riƙe mini riga.

"Ya isa. Tayar mu tafi. Kuma gobe za ka zo ka ba shi haƙuri, sa'an ubanka ne."

Na ce ba zan zo ba. Ya ce za mu gani.

Muka hau titi, rigar aikin a tsakaninmu, ƙirjinsa yana fito a bayana. Wata tsohuwar bas ta shiga gabanmu tana zubo baƙin hayaƙi. Na zagi direban, na karya kan babur na bi ta lungun Darmanawa, duk da ya fi nisa.