Ranar da Loretta Ta Janye Kanta

To ai ba haihuwar ba ce ma labarin, wannan kun riga kun ji, mace ce, laba bakwai da rabi, kunnuwa sak na ubanta. Labarin shi ne abin da ya sami Loretta a dandamali daidai lokacin da ake tura ni ɗakin haihuwa.

Kun dai san wasan namu, na ƙarƙashin shagon wankin nan, mai kujeru saba'in. Mista Abelman, tsohon nan mai kaɗa fiyano, shi ne ya rubuta shi a kan kakanninsa, 'yan barkwancin da, masu yawo gari gari da waƙa da rawa. Sati biyu aka ce za a yi, yau ga shi shekara tara. A zamanin kakannin nasa, in mawaƙi ya ishi jama'a, doguwar sanda mai ƙugiya ake zurowa ta bayan labule a janye shi. To Loretta ita ce mawaƙiyar da ake janyewa, mijina Wendell kuma shi ne mai ja. Layi biyu kawai take yi: "Na jira ka a tasha, masoyi, har wata ya fito." Tana cewa "fito" sai ƙugiya a ƙugu, sai dariya.

Ranar Lahadi, wasan rana, sai ga yayarta Bernadette daga Ohio, awa goma a bas. Shekara tara Loretta tana gaya wa 'yan gidansu ita ce mawaƙiyar wasan. Ba ƙarya ta yi ba dai, amma zancen sanda bai taɓa shiga wayar ba.

Loretta ta sami Wendell a bayan labule yana cin burodi da cuku.

"Wendell, ɗan albarka, yau kaɗai. Ka bar ni in ƙara ko layi huɗu."

"Anti Loretta, a 'fito' nake ja. Ko barci nake hannuna ya san wurin."

"To yau hannun naka ya yi mantuwa mana."

"Ki tambayi tsoho."

"Tsohon da tun bara yake ce min Lorraine?"

Haka ta fita da rigarta mai ƙyalƙyali, zuciya a cushe. Abin da ba ta sani ba, tana taka dandamali wayata ta shiga wa Wendell cewa naƙuda ta kama ni. Ya jingine sanda, ya haye matakala, har da hular wasan a kansa ya faɗa tasi.

Loretta ta hango Bernadette a layi na biyu, jaka a cinya. Ta rera layinta biyu, ta kai "fito", ta ɗan ɗaga gwiwar hannu yadda ta saba don ƙugiya ta sami hanya. Shiru. Ta ja "fitooo" har numfashi ya kusa ƙarewa. Shiru dai.

Sai daɗi ya kama ta. Ashe yaron nan yana da imani. Ta gyara tsayuwa, ta yi wa Mista Abelman alama da kai ya ci gaba. Tsoho ya ɗaga takardar waƙar ya juyo mata bayanta, fari fat.

"Nan ta ƙare," ya ce ƙasa ƙasa.

"Ta ƙare kamar yaya?"

"Wa zan rubuta wa sauran? Ba wanda ya taɓa wuce nan."

Mutum saba'in suna kallonta. Ta maimaita layi biyun. Ta sake maimaitawa. Wani dattijo da ba ya fashin zuwa duk Lahadi ya ce daga gaba, "Ina mai sandar ne, ya yi ritaya?"

Gumi ya fara wanke mata hoda. Ta ce wata ya fito, ya koma, ya sake fitowa, masoyi dai bai zo ba, bas ma ba ta zo ba. Tana yi tana matsawa gefe, tana kallon bayan labule ta wutsiyar ido. Wallahi ta ce min a rayuwarta ba ta taɓa kewar wani abu kamar sandar nan ba. Sai ta hango ta a jingine, ga guntun burodin Wendell a kan kujera.

Ba ta daina waƙa ba. Ta zura hannu ɗaya bayan labule, ta laluɓo sandar, ta maƙala wa kanta a ƙugu. Hannun ɓoye yana ja, na fili ya riƙe ƙafar fiyano yana gardama. Ta fizge kanta, ta dawo ta ƙara "fito" guda, ta sake fizgewa, har takalmi ɗaya ya zauna a dandamali. An ce masu shagon wanki sai da suka leƙo su ga ko lafiya.

Da aka tashi, Bernadette ta shigo bayan labule tana goge hawayen dariya, takalmin a hannunta.

"Shekara hamsin Mama tana neman abin da zai rufe miki baki, ashe sai ke da kanki."

"Yaya, ni fa ba haka na so ki gani ba."

"Yo me kike so in gani? Tun muna yara na san ba ki iya waƙa ba. Wannan ne ban san kin iya ba."

Mista Abelman ya matso yana sosa ƙeya. "Lorraine, in kina so, gobe sai in rubuta miki sauran."

Loretta ta ɗauki sandar. "Bar ta haka," ta ce. "Kuma Loretta ne."

Duk wannan labari a bakin gadona Loretta ta ba ni, jiya, har ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce in daina dariya saboda ɗinki. Don Allah wanda ya karanta ya tura wa sauran 'yan gidan wasa, har masu shagon wanki. Kuma a gaya wa tsoho Loretta za ta ci gaba da jan kanta na sati biyu, don Wendell ya sami sabuwar mawaƙiya a gida, ita kuwa ba ƙugiyar da ke tsayar da ita.