Akwatin da Aka Cire wa Zuciya

Badaru ya kwance kusa ta huɗu, ya ɗaga murfin akwatin, gumi na ɗiga daga haɓarsa. A bayansa kwamfutoci ashirin ne a jere, sababbi ful, amma ba ɗayar da ke jin 'yar'uwarta.

Malama Hansai, shugabar makarantar 'yan mata ta wajen Toranke, ita ta aika masa har shagonsa na gyaran waya a Gaya. Saura mako biyu jarrabawar shiga jami'a, ga yara ba su taɓa gwada ta a kan kwamfuta ba. Cikinsu har da 'yarsa Naja'atu, wadda ke zaune wurin kakarta.

Ya yi wa Malama bayani a gajiye. Duk wayoyin ɗakin a wannan akwati suke haɗuwa, kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗan baƙin abu kamar farcen yatsa, masu gyara na ce masa ayisi. Don aiki ɗaya tak aka ƙera shi: ya karɓi saƙo, ya miƙa wa kwamfutar da aka nufa, kafin ƙiftawar ido. In babu shi, akwatin gwangwani ne kawai.

Yana cikin maganar sai idonsa ya kai kan ayisin. Wanda ke ciki matacce ne, an liƙa shi da dalma, kuma ya san wannan liƙin. Hannunsa ne.

*

Da daminar da ta wuce ne wani Kamalu, yaron ɗan kwangila, ya kawo masa akwatuna shida a kwalayensu. Ya ce a cire ayisi masu kyan da ke ciki za a kai Kano, a cike gurbin da tsofaffi. Badaru ya so ya tambayi inda akwatunan za su, sai ya tuna buhun takin da gonarsa ke jira. Ya kunna abin liƙi.

*

"Malam Badaru, zai gyaru?"

Ya ce an cire na asalin an sa matacce, sai an samo irinsa daidai, wani ba ya shiga gurbinsa, kuma ba a sayar da shi a nan kusa. Malama ta ce ta rubuta wa hukuma takarda sau uku, amsar ɗaya ce: an kawo kaya, an sa hannu, magana ta ƙare.

"Wanda ya yi wannan, shi ba shi da 'ya'ya ne?"

"Wataƙila yana da su, Malama."

Ya mayar da murfin. A bakin ƙofa Naja'atu ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaya ko gobe za su fara. Ya ce sai yadda Allah ya yi, idonsa na kan babur ɗinsa.

Da ya waiga ta taga, 'yan matan sun shiga da tsofaffin zannuwa, suna lulluɓe kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya.