Sifanar Masta Rafiu

Da Salwa ta gama koyon ɗaukar hoto, sai ta dawo Zango da wata shawara da ta ba dattawan unguwa mamaki. Ta ce za ta ɗauki hoton mutum goma sha biyu, amma ban da fuska. Kowa ya kawo abu ɗaya da ya fi nuna ko shi wane ne, ita kuma ta matso da kyamara kusa, har a ga tsatsa da gurbin yatsa.

Kawunta, Masta Rafiu, bai yi dogon tunani ba. Shekara talatin da huɗu yana gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, kuma duk wanda ya san shi ya san sifanarsa lamba sha bakwai. Ya kawo ta a nannaɗe cikin tsumma.

"Kawu, me zan rubuta a ƙasan hoton?" in ji Salwa.

Ya gyara murya. "Rubuta haka: Marigayi maigidana ne ya ba ni ita ranar da ya sallame ni. Ya ce, Rafiu, kada ka taɓa kwana da kayan wani. Har yau ban kwana ba."

Salwa ta rubuta. Ta goge baƙin man da ya daskare a jikin sifanar da ɗan kananzir, ta haska fitila ta gefe, ta ɗauka.

Ranar Asabar aka kafa hotunan a farfajiyar wata makarantar Islamiyya. Rafiu ya riga kowa zuwa, cikin babbar riga mai ruwan toka. Hotonsa ya kai tsayin ƙyauren ɗaki. Ya tsaya yana murmushi, yana bin sifanar da ido daga baki zuwa mariƙi. Can ƙasa, murmushin ya tsaya.

A Magazin, kowane makanike yana da alamar da yake bugawa a jikin kayan aikinsa, domin sifana tana yawo daga rumfa zuwa rumfa. Alamar Rafiu zane biyu ce da zarto. Abin da ke jikin hoton kuwa ɗigo uku ne da aka buga da ƙusa, kowanne ya fito kamar ƙwallon goro. Wannan alamar Masta Sha'aban ce, amininsa kuma maƙwabcin rumfarsa.

Nan take abin ya dawo masa. Shekara goma sha biyu da suka wuce, wata rana da ruwan sama, yana kwance ƙarƙashin wata motar haya, wato trotro, ya miƙo hannu ya ce a ara masa sha bakwai. Aka miƙa masa. Tasa ta gaske, Allah kaɗai ya san inda ta shiga. Sha'aban ya nemi sifanarsa har ya gaji, ya ɗora laifin a kan Osmanu mai walda, kuma tun daga ranar ba su ƙara zama a benci ɗaya ba. Rafiu da kansa ya zauna zaman sulhunsu, har ya yi musu wa'azi mai tsawo a kan riƙon amana.

"Salwa, 'yata," ya ce a hankali, "wannan hoton bai yi girma da yawa ba? Ko a sauke shi a huta?"

"Haba Kawu! Ai shi ya fi kowanne kyau. Kalli waɗannan ɗigon ma, kamar ado."

Mutane suka fara shigowa. Rafiu ya ja da baya, ya manna bayansa da hoton, ya baza hannayen babbar riga daidai inda ɗigon suke.

"Masta, matsa mana mu gani," in ji Hajiya Mamuna mai koko, wadda hoton ludayinta yake kusa da nasa.

"Ku kalli sama, Hajiya. Saman ya fi ma'ana."

"An ce kaya za a kalla, ba mai kaya ba. Kai kuma ka tsaya kamar labule."

Aka yi dariya. Aka kawo masa kujera, ya ce bayansa ba ya son zama. Aka kawo lamurje mai sanyi, ya sha a tsaye. Rana ta juyo ta same shi, gumi ya jiƙa wuyan rigar, bai motsa ba.

Wajen ƙarfe ɗaya Sha'aban ya iso, yana goge hannu a jikin wando.

"Kai Rafiu, an ɗauke ka aikin gadi ne? Wa zai sace hoton tsohuwar sifana?"

"Ina karɓar baƙi ne."

"To baƙo ya zo. Matsa."

Ana cikin haka, ladan ya kira azahar. Kowa a Zango ya san Rafiu ba ya rasa sahun farko.

"Mu je masallaci," in ji Sha'aban.

"Yi gaba, ina zuwa."

Sha'aban ya dube shi sama da ƙasa. "Kai? Lafiya kuwa?"

Rafiu ya ga ba zai iya tsayawa gaban Allah da wannan abu ɓoye a bayansa ba. Ya sauke hannayensa, waɗanda dama sun gaji.

"Sha'aban, sa tabaranka," ya ce, ya matsa gefe.

Sha'aban ya sa tabarau. Ya sunkuya ya ƙirga ɗigon da yatsa. Sannan ya karanta rubutun ƙasa da ƙarfi, kalma bayan kalma, yadda duk farfajiyar za ta ji. Hajiya Mamuna ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Rafiu ya ciro sifanar daga aljihu ya miƙa da hannu biyu. "Wallahi ban sani ba sai yau. Ka yafe mini."

"Wa ke ta sifana?" Sha'aban ya ɗaga murya. "Na sayi wata tun tuni! Ka san abin da ka jawo mini? Yanzu sai na je na ba Osmanu haƙuri. Osmanu! Mutumin da zai riƙa ba da labarin nan a kowane suna da kowane biki har ƙarshen rayuwarsa!"

"Zan raka ka."

"Raka ni? Kai za ka shiga gaba, da sifanar a hannunka."

Bayan sallah suka shiga trotro zuwa Buokrom, inda Osmanu yake zaune. Duk hanya suna gardama a kan wanda zai fara magana. A ƙofar gidan, Sha'aban ya tura Rafiu da gwiwar hannu, Rafiu ya ja numfashi ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam. Su wane ne?" in ji murya daga ciki.

"Rafiu ne, da Sha'aban."

Sannan suka ji ana jawo benci.