Laimar Kwaɗi a Miyar Baba

Tun da likita ya hana Baba jan nama saboda hawan jini, ƙaramar 'yarsa, Auta, ta karɓi girkinsa. Likitan ya ce a riƙa sa masa laimar kwaɗi irin ta ci, wadda ake nomawa a kai kanti, tana ƙosarwa kuma ba kitse. Baba ya yi mita kwana biyu, sannan ya saba.

Ranar Talata aiki ya riƙe Auta, sai ta bar wa Goggo, ƙanwar Baba, tukunyar. Da ta dawo da la'asar an riga an ci. Tana zubar da shara ta ga guntayen laimar kwaɗin da aka yanke, sirara, duk laka a gindinsu. Na kanti farare ne, gajeru.

"Goggo, waɗannan daga ina?"

"Na ga naki ba za su isa ba, sai na ƙara da waɗanda suka tsiro a bayan katanga. Ai duk jirgi ɗaya ya kwaso su."

Auta ta juyo ta dube ta. "Ke ma kin ci?"

"Loma biyu."

Baba na falo yana gyaran rediyonsa. Ta tambaye shi cikinsa, ya ce ƙalau, miyar yau ma ta fi tata. Auta ba ta yi dariya ba. Ta ƙulle guntayen a leda, ta tasa shi da Goggo gaba sai asibiti.

Aka ɗebi jininsu. Likita ya ce akwai irin da ba ya nuna alama sai bayan sa'o'i, lokacin ya riga ya taɓa hanta. Ya ɗauki hoton guntayen ya tura wa wata masaniyar tsirrai, ya ce su jira.

Suka zauna a benci. Goggo tana ta murza bakin mayafinta. Ko gyatsa Baba ya yi sai Auta ta miƙe.

"Zauna mana, 'yar nan," in ji shi. "Kallon nan naki ma ya isa ya kwantar da mutum."

Bayan awa biyu amsa ta zo: da alama ba mai kisan ba ce, amma tana ɓata ciki. Likita ya ce duk da haka sai an kwantar da su an sake duba jini. Kafin a gama shimfiɗa gado amai ya kama Goggo, Baba ya biyo baya.

Ranar Juma'a aka sallame su, hanta lafiya lau. A mota Goggo ta kama hannun Auta, ta daɗe ba ta saki ba.