Ƙuri'ar Kwashe Maƙabarta

A zaɓen garinmu na 1937, a Kalifoniya, ni da Gus Pellerin muke kula da rumfar zaɓe a garejin maƙwabcinmu. Ƙasan sunayen 'yan takara akwai tambaya ɗaya: a kwashe kaburburan kan tudu a gina gidaje, eh ko a'a?

Da hantsi wata tsohuwa ta shigo da rigar da aka daina yayinta tun ina yarinya.

"'Yata, wai yanzu ana barin mata su jefa ƙuri'a?" ta tambaye ni.

Gus ya yi dariya. "Iya, shekara ashirin da shida ke nan. Barci kike yi?"

Na harare shi, na miƙa mata takarda ban ko duba rajista ba. Ta shige bayan labule. Labulen iya gwiwa ya tsaya, amma ban ga ƙafafu ba. Mun dai ji bugun hatimin da ake dangwala ƙuri'a da shi sau ɗaya.

Da jira ya ishe ni, na yaye labulen. Ba kowa sai takardar, an dangwala a'a da ɗanyar ƙasa maimakon tawada.

"Lalatacciya ce," in ji Gus.

Na jefa ta a akwati. Gidan tsohuwar za a tayar, ba nasa ba.